Tsinken da ya fi gashi siranta: yadda ake auna sinadaran ƙwaƙwalwa da gubar dalma

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, ƙila ka sha jin ana cewa dopamin ne ke hana ka ajiye waya. Dopamin sinadari ne da ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi, kuma yana da hannu a koyo, da motsin jiki, da ɗokin samun abu. To amma ta yaya masana ke auna abin da ke fitowa ya ɓace cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, a can tsakiyar ƙwaƙwalwa?

Suna amfani da wani ɗan tsinke mai ɗaukar lantarki da ake kira ilektirod. Irin wannan dabara ce kuma ke aiki a na'urar gwajin suga da ke gidaje da yawa, da kayan gano guba a jini da ruwan sha.

Yadda yake aiki

Wasu sinadarai, idan suka taɓa ƙarfe ko kabon da aka ba wa wani ƙarfin wuta, sukan saki ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Dopamin yana sakin guda biyu. Wannan sakin yana haifar da 'yar ƙaramar wuta da na'ura za ta iya aunawa. Yawan wutar yana nuna yawan sinadarin, ƙarfin wutar da aka ba shi kafin ya saki kuma yana taimakawa wajen gane wane sinadari ne. Kusan kamar harshe: ya taɓa, ya ce gishiri ne, ya kuma ce ya yi yawa.

Ralph Adams na Jami'ar Kansas a Amurka ne ya fara gwada wannan a ƙwaƙwalwar ɓera a farkon shekarun 1970. Daga baya Mark Wightman na Jami'ar North Carolina da abokan aikinsa suka inganta shi da zaren kabon mai kaurin maikromita 7 kacal. Maikromita 1,000 ne ke yin milimita ɗaya, gashin kai kuwa yana kai wajen maikromita 70. Ke nan zaren ya fi gashi siranta kusan sau goma. Ana ɗaga ƙarfin wutarsa daga bolt -0.4 zuwa 1.3 a dawo da shi, sau goma a kowace daƙiƙa, kowane zagaye kuma awo ɗaya ne.

An kai ga gwada shi a jikin mutum. A 2016, Ken Kishida da Read Montague na Virginia Tech da abokan aikinsu sun wallafa awon dopamin da suka yi a ƙwaƙwalwar masu cutar Parkinson, lokacin da ake yi musu tiyata idonsu biyu, suna buga wasan zuba jari a kwamfuta. Cutar Parkinson, mai sa karkarwa, tana zuwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da dopamin suka mutu, shi ya sa irin wannan awo yake da muhimmanci ga likitoci.

Inda fasahar wayarka ta shigo

Zaren kabon da hannu ake haɗa shi, ɗaya bayan ɗaya, kuma da wuya biyu su fito iri ɗaya sak. Wuri ɗaya kawai yake aunawa. Mafita ta zo daga masana'antar da ke ƙera cip ɗin waya da kwamfuta.

A ɗaki na musamman da ake tace ƙurar iskarsa, ana ɗauko faifan silikon, ko gilashi, ko wata roba mai laushi. Sai a shafa masa sinadarin da haske ke canzawa, a haska zanen ilektirod ta cikin allo mai ɗauke da siffarsa, a wanke wurin da ba a so, sannan a shimfiɗa zinare ko filatinam da siranta ƙwarai. A faifai ɗaya ana iya fitar da ɗaruruwa masu girma ɗaya, kuma tsinke guda yana iya ɗaukar wuraren awo da yawa a jere.

Ƙanƙantar tana da amfani uku: raunin da take yi wa nama kaɗan ne, tana amsawa da sauri, kuma ɗigo ɗaya na jini ko ruwa ya ishe ta.

Akwai sinadaran da ba sa sakin ilektiron da sauƙi, kamar gulutamet, wanda shi ne babban mai kai saƙon zaburarwa a ƙwaƙwalwa. Nan sai a shafa wa ilektirod wani inzayim, wato furotin mai sarrafa sinadari, ya mai da gulutamet wani abu da za a iya aunawa. Ɗakin binciken Greg Gerhardt a Jami'ar Kentucky ya shahara da irin waɗannan. Asalin dabarar daga Leland Clark ne, wanda shi da Champ Lyons suka gabatar da ita a 1962 don auna suga. Jikar wannan dabara ce 'yar takardar da mai ciwon suga ke ɗiga wa jini.

Daga ƙwaƙwalwa zuwa rijiya

Wajen gano ƙarafa masu guba, matakai biyu ake bi. Da farko a ba ilektirod wutar da za ta janyo dalmar da ke cikin ruwan ta manne masa. Sannan a juya wutar a hankali har dalmar ta sake shi. Kowane ƙarfe yana da matakin da yake saki, don haka ana iya bambance dalma da kadmiyam da tagulla. Da can zaiba ake amfani da ita, alhali ita ma guba ce. A 2000 Joseph Wang da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙarfen bismut yana iya maye gurbinta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin dalma a ruwan sha a kan maikrogiram 10 cikin lita ɗaya. Ido ba ya ganin wannan, harshe ba ya jin sa.

A nan gida an ga amfanin abin. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma. Dalilin shi ne duwatsun zinare masu ɗauke da dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Sama da yara 400 ne suka rasu. Na'urar hannu da aka yi amfani da ita wajen gwada jinin yaran, LeadCare II, da wannan dabarar take aiki, kuma cikin minti uku take ba da sakamako. Iyakar abin da take iya karantawa shi ne maikrogiram 65 a desilita, amma jinin yara da yawa ya zarce haka, a lokacin da 10 ma ake ɗaukar sa abin damuwa. Samun amsa nan take ya taimaka wajen sanin yaran da za a fara ba magani.

Waya za ta iya?

Waya ita kaɗai ba ta iya wannan awo. Duk manhajar da ta ce za ta gwada maka jini ko ruwa ba tare da an haɗa ta da wata na'ura ba, kada ka jingina lafiyarka da ita. Sai da ilektirod, da kuma na'urar da ke ba shi wuta ta karanta amsarsa. Abin da ya canza shi ne wannan na'ura ta ƙanƙance. Kamfanin PalmSens na ƙasar Holan yana da Sensit Smart, wadda ake soka wa waya ta wurin caji. FreeStyle Libre na kamfanin Abbott kuwa, wanda ya fito a 2014, ana manna shi a dantse har kwana 14, yanzu kuma ana karanta sugan ta waya.

Matsaloli suna nan. A ƙwaƙwalwa, furotin na manne wa ilektirod, jiki kuma yana gina tabo kewaye da shi, sai awonsa ya raunana. Bitamin C, wanda ya ninka dopamin yawa sosai a ƙwaƙwalwa, yana iya ruɗa na'urar, don haka ake rufe tsinken da wata leda mai tacewa. A ruwan rijiya ko tafki, laka da ruɓaɓɓen ganye suna canza sakamako, zafi kuma yana lalata inzayim. Dole a riƙa daidaita na'urar da ruwan da aka san adadin sinadarinsa.

Saboda haka, ranar da aka tallata maka 'yar na'urar gwajin ruwa ko jini mai haɗuwa da waya, yi tambaya uku: wane sinadari take aunawa, mene ne mafi ƙarancin abin da take iya ganowa, kuma wace hukuma ce ta tantance ta? Idan ma'auninta bai sauka zuwa maikrogiram 10 a lita ba, ba za ta iya gaya maka ko ruwan da ƙannenka ke sha ya tsira daga dalma ba.