GINE-GINEN ZAMANIN GUJIYA A MARAƊI: GADO NE DA YA KAMATA A TSARE

Duk baƙon da ya taso daga Dakoro ko Bader Gula ya shigo Maraɗi, zai tarar da birni na fatauci. Amma matasa kaɗan ne suka san cewa gujiya ce ta ɗaukaka wannan birni.

A shekara ta 1942 aka kafa matatsar man gujiya ta SICONIGER. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon gari, aka tashi aka koma bisa tudu, inda manyan kantuna suka gina mangazoginsu. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 domin sayen gujiya daga hannun manoma. A lokacin nan gujiya ce kan gaba cikin kayan da Nijar ke sayarwa waje. Daga baya fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa shuka a 1975 suka karya noman, karfen uraniyom na Arlit kuma ya karɓe matsayin.

Idan sana'a ta mutu, gininta yakan bi ta. A Kano an yi dalar gyaɗa wadda ta shahara a duniya, yau sai a hoto ake ganinta. Wasu ƙasashe kuwa sun yi dabara. A arewacin Faransa an rufe ramin gawayi na ƙarshe a 1990, amma ba a rushe kome da kome ba. An gyara wurare, an buɗe gidan tarihi a Lens, har UNESCO ta sanya yankin cikin gadon duniya a 2012. Agadas ma ta sami wannan daraja a 2013.

Saboda haka ya kamata hukumomin birni su ƙidaya mangazogi, ma'aunai da injunan da suka rage, su rubuta tarihin kowanne daga bakin tsofaffin leburori da alhazai tun suna raye. Ginin da ke da ƙwari a ba shi sabon aiki: ajin yaƙi da jahilci, ɗakin koyon sana'a ga samari, ko wurin matan da ke tatsar mai da yin ƙuli-ƙuli. Ginin da ake shiga kullum ba ya zama kango.

Ƴan uwa masu karatu, guminku da na iyayenku ne ya tsayar da waɗannan bangaye. Mu tsare su tun ba su faɗi ba.