Calytrix

Calytrix jinsi ne na ƙananan itatuwa masu fure a cikin dangin Myrtaceae, wato dangin da gwaba da kanumfari suka fito. Yana da nau'o'i kimanin 80, kuma asalinsu duka ƙasar Ostireliya ne. Mafi yawansu suna fitowa a kudu maso yammacin jihar Yammacin Ostireliya, galibi a ƙasa mai yashi ko tsakuwa.

Siffa

Ganyen Calytrix ƙanana ne, kuma suna ɗauke da ɗigon mai wanda ke ba da ƙamshi idan an murza su. Furen yana da kunnuwa biyar da ke baje kamar tauraro, a tsakiyarsu kuma akwai zaruruwa masu yawa da ke ɗauke da ƙurar fure. Launin furen yakan zama fari, ruwan hoda, rawaya ko shunayya.

Yadda ake gane shi

Babbar alamar wannan jinsi tana ƙarƙashin fure. Ƙananan ganye biyar da ke tallafe da furen sukan ƙare da dogon tsinke siriri kamar gashi, wanda ke nan daram ko bayan kunnuwan furen sun zube. Sai dai wasu nau'o'in ba su da wannan gashi, don haka ana duba wasu alamomin domin raba shi da danginsa:

Leptospermum yana yin 'ya'ya masu ɓawo da ke tsagewa su zubar da iri da yawa, amma ɗan Calytrix busasshe ne, ba ya tsagewa, kuma yawanci iri ɗaya ne a cikinsa.

Micromyrtus yawanci zaruruwa biyar ko goma kawai furensa ke da su.

Verticordia kuwa ganyen da ke tallafe da furensa a tsattsage suke kamar gashin tsuntsu.

Suna da tarihi

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Faransa, Jacques Labillardière, shi ne ya fara bayyana jinsin a shekarar 1806. Sunan ya fito daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "kofin fure" da "gashi". A 1987 Lyn Craven ya sake nazarin jinsin, inda ya shigar da nau'o'in da a da ake kira Lhotskya a cikinsa.

Sanannun nau'o'i

Calytrix tetragona ya bazu a kudanci da gabashin Ostireliya har da tsibirin Tasmaniya, shi kuma Calytrix exstipulata a arewacin ƙasar mai zafi yake fitowa.