Rauni a wurin aiki: wa'adin da ke iya hana ma'aikaci diyya

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa hukumar NSITF alhakin biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta a dalilin aikinsa. Kamfani ko ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatanta, kuma doka ta hana a cire kuɗin daga albashin ma'aikaci.

Babban abin kula shi ne wa'adi. Wajibi ne ma'aikaci, ko iyalansa idan rai ya yi halinsa, ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, domin sakaci a nan yana iya jawo asarar diyyar baki ɗaya. Gara a sanar a rubuce, a riƙe kwafi saboda ranar musu. Shi kuma kamfani kwana 7 gare shi ya kai wa hukumar rahoto. Takardar neman diyyar kuwa a shigar da ita kafin shekara ta zagayo, haɗe da bayanin likita.

Hatsarin da ya auku tsakanin gida da wurin aiki ma yana ciki. Wanda hukuncin hukumar bai gamsar da shi ba yana da kwana 180 ya nemi ta sake dubawa, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.