Garin da ya kusa rabuwa da danja

Da zarar titin da ya haɗa birni da unguwannin bayan gari ya fara cunkushewa, maganar da aka saba ji daga hukuma ita ce a faɗaɗa shi: a rushe katangu, a biya diyya, a ƙara hannu. Alhali motoci ba a miƙaƙƙen titi suke cijewa ba. A mahaɗa suke cijewa, inda wannan ke jiran danja, wancan ke neman yin kwana hagu, wani kuma ya sako hancin motarsa daga gidan mai. Garin Carmel da ke arewa da Indiyanafolis a Amurka, mai mutane wajen 100,000, a kan wannan fahimta ya gina titunansa. Jim Brainard, magajin garin daga 1996 zuwa ƙarshen 2023, ya bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya ana tuge danja ana zuba shataletale, har suka haura 150.

Hujjar tana cikin lissafi. A mararraba mai baki huɗu, injiniyoyi sun ƙirga wurare 32 da hanyar wata mota ke iya gittawa ko cuɗanya da ta wata. A shataletale mai hannu ɗaya kuwa 8 ne kacal. Kuma haɗarin ma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya taka wuta don kada jar danja ta riske shi, a haƙarƙari yake dukan motar da ta gitta, daidai inda mutum yake zaune. A shataletale, lanƙwasar mashigar ce ke tilasta wa direba taka birki, ko da ɗan sanda ko babu, sannan kowa ya fuskanci gefe guda, don haka yawanci abin ba ya wuce gogar fenti da cacar baki. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar motoci ta bincika mahaɗun Carmel a 2021, ta gano haɗuran da ake jin rauni sun ragu da kashi 47 cikin 100.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne titin Keystone. A da babbar hanya ce ta jiha da ta raba garin biyu, cike da danja, har mazauna gabas suna jin wuyar tsallakawa yamma. A 2007 jihar Indiyana ta miƙa wa garin titin tare da dala miliyan 90. Sai aka nutsar da babban titin ƙasa a wuraren mahaɗa, masu dogon zango suna wucewa ba tsayawa, aka ɗora titunan unguwa a kan gada, kowace gada da zagaye biyu a manne kamar kwanson gyaɗa mai ƙwaya biyu. A irin waɗannan mahaɗu raguwar haɗuran rauni ta kai kashi 84 cikin 100. Akwai kuma ribar da ba a cika ambata ba. Idan akwai shataletale a gaba, ana iya gina shinge a tsakiyar titi a hana kowa yanke hanya zuwa ƙofar kanti; mai son shiga hagu sai ya ƙarasa ya zagayo. Masu kantuna kan yi ƙorafi, kuma ba a banza ba, amma zagayen minti ɗaya ya fi tsayuwa a tsakiyar kwalta ana jiran rata.

Mai karatu a Kano zai ce ai mun ga shataletale, mun ga gosulonsa, shi ya sa aka maye gurbin na Dangi da gadar sama da ta ƙasa. Gaskiya ne, sai dai shataletale doka ce kafin ya zama gini. A 1966 Birtaniya ta kafa ƙa'idar cewa wanda ke cikin zagaye shi ke da hannu, mai shigowa ya dakata. Kafin nan nasu ma kullewa suke yi. Inda kowa ke cusa kai, ko a-daidaita-sahu ke sauke fasinja a bakin mafita, babu zanen da zai yi aiki. Haka kuma idan motocin hanya ɗaya suka rinjayi na sauran nesa ba kusa ba, na ƙananan hanyoyin ba za su samu ratar shiga ba, kuma gadojin Keystone amsa ce ga irin wannan matsala.

Ƙorafin da ya fi nauyi na makafi ne. Makaho da kunne yake gane motoci sun tsaya a danja, a shataletale kuwa ƙarar ba ta yankewa, musamman mai hannu biyu, inda mota ɗaya kan tsaya masa ta biyun ta wuce. Shi ya sa ake matsar da wurin tsallakawa baya kaɗan daga zagayen, a gina tudun tsayawa a tsakiyar titi, a wasu wuraren har da fitilar da mai tafiya a ƙasa ke dannawa da kansa.