Fim Ɗin The Woman King da Cinikin Bayi a Dahomey

Tun da fim ɗin The Woman King ya fito a 2022 ake ja-in-ja a kansa. Labarin dakarun mata na Dahomey ne, waɗanda ake kira Agojie, a zamanin Sarki Ghezo wajen 1823, inda Viola Davis ta fito a matsayin Nanisca mai roƙon sarki ya bar cinikin bayi ya koma sayar da manja. Ita Nanisca ƙirƙirarriya ce, wannan kuwa ba laifi ba ne. Matsalar ita ce arzikin Dahomey a lokacin daga bayi yake fitowa, ana lodinsu a tashar Ouidah, kuma su waɗannan mayaƙan mata na cikin masu kai farmakin kama mutane. Ghezo bai sa hannu kan yarjejeniyar dainawa ba sai 1852, bayan jiragen ruwan Birtaniya sun toshe gaɓar tekunsa.

Masu kare fim ɗin sun ce nishaɗi ne, ba littafin makaranta ba. Da gaskiyarsu ta wani gefen: canza tufafi ko haɗe shekaru biyu ba ya cutar da kowa. Amma mai da masu kamun bayi masu 'yanta bayi ya wuce ado, domin jikokin waɗanda aka sayar suna nan a Benin, Brazil da Haiti, suna kuma kallo.