Daga hadarin Sahel zuwa tumbatsar teku a Amurka: yadda aka bi sawun guguwar Florence kwana 15

A watannin Agusta da Satumba, lokacin da manoman Maradi, Damagaram da Tawa ke duban gabas suna fatan hadari ya haɗo don gero ya ƙarasa nuna, akwai wasu ma'aikata a birnin Miami na ƙasar Amurka da su ma idonsu ke kan sararin samaniyar Sahel. Aikinsu shi ne su gano wane gungun hadari ne, cikin waɗanda ke ratsa ƙasashenmu suna nufar yamma, zai faɗa tekun Atlantika ya rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa.

Haka ta faru a shekarar 2018. Wani gungun hadari ya bar gaɓar Afirka ta Yamma ranar 30 ga Agusta. Bayan kwana 15 da tafiyar fiye da kilomita 6,000, ya afka wa jahar Karolina ta Arewa da sunan Florence. Wannan jaha ita ce ke da birnin Greensboro, wanda ya yi suna da taruwar ƴan Nijar mazauna Amurka. Fiye da mutum 50 suka rasu, aka yi asarar dukiya ta kimanin dala miliyar 24. Abin lura shi ne, guguwar ta iso ne bayan ƙarfin iskarta ya ragu sosai, har wasu suka saki jiki. Ruwa ne ya yi ɓarnar.

Inda abin ke farawa

A lokacin damina, hamadar Sahara tana da zafi da bushewa, yankin tekun Gini kuma yana da danshi da ɗan sanyi. Wannan bambanci yana haifar da wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, a tsayin kilomita 3 zuwa 4 sama da ƙasa. Iskar ba ta tafiya a miƙe. Tana lanƙwashe-lanƙwashe kamar tafiyar maciji, kuma kowace lanƙwasa tana tattaro hadari. Masana yanayi suna kiran su igiyoyin iskar gabas na Afirka. Da yawansu suna tasowa ne daga tsaunukan Habasha da na Darfur, su ratso Chadi, Nijar, arewacin Najeriya, Burkina Faso da Mali, su fita teku ta wajen Senegal da Gini. Duk kwana 3 zuwa 5 akan samu ɗaya, kusan 60 ke nan a shekara.

Mafi yawansu suna mutuwa ne a kan teku ba tare da kowa ya ji labarinsu ba. Kafin ɗaya ta zama guguwa sai ta tarar da ruwan teku mai ɗumin da ya kai digiri 26 da rabi, da iska mai danshi, kuma kada iskar sama ta saɓa wa ta ƙasa har ta tsinka hadarin. Busasshiyar iska mai ƙura da ke fita daga Sahara ma takan shaƙe su tun suna ƙanana. Duk da haka, binciken masana ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na guguwoyin Atlantika, da kusan kashi 85 cikin 100 na mafi ƙarfinsu, daga waɗannan igiyoyi na Afirka suke samo asali.

Shi ya sa Yamai ba baƙuwa ba ce a wannan fanni. A nan ne mazaunin ACMAD, cibiyar hasashen yanayi ta nahiyar Afirka, da kuma cibiyar AGRHYMET. A shekarar 2006, ƙarƙashin shirin binciken damina na AMMA, masana daga ƙasashe da dama sun kafa na'urorinsu a Yamai suna auna hadarin da ke wucewa, yayin da hukumar NASA ta Amurka ta girke jirginta a tsibirin Sal na Cap-Vert tana jiran irin wannan hadari ya fito teku.

Kwana 15 ana bin sawu

Cibiyar lura da guguwa ta Amurka, NHC, ta fara fitar da sanarwa kan Florence tun ranar da ta bar gaɓar Afirka, saboda tana dab da tsibiran Cap-Vert. Ranar 1 ga Satumba gudun iskarta ya haura kilomita 63 a awa, matakin da ake raɗa wa guguwa suna. Sunayen kuwa suna cikin jeri shida da Hukumar Yanayi ta Duniya ke juyawa shekara bayan shekara. Idan iska ta kai kilomita 119 a awa, an shiga sahun mahaukaciyar guguwa, wadda ake rabawa mataki 5 bisa ƙarfin iska.

Florence ta kai mataki na 4 ranar 5 ga Satumba a tsakiyar teku, nesa da kowa. Cikin kwana biyu iskar sama ta yayyaga ta, ta koma ƙaramar guguwa. Galibin guguwoyin da suka bi wannan hanya sukan karkata arewa su ɓace a ruwan sanyi. Wannan karon wata iska mai nauyi ta tare mata hanyar arewa, ta tura ta yamma, kan ruwa mai ɗumi. Ranar Litinin 10 ga wata ta sake komawa mataki na 4, washegari iskarta ta kai kilomita 240 a awa.

Yaya ake sanin duk wannan alhali abin na tsakiyar teku? Da farko taurarin ɗan Adam ne ke ɗauko hoto: Meteosat na Turai da ke kallon Afirka, da GOES na Amurka. Idan guguwa ta matso, sai jiragen sama na sojan Amurka da na hukumar NOAA su kutsa cikinta har tsakiya, su riƙa sako wasu ƴan na'urori masu lema da ke auna iska, zafi, danshi da nauyin iska kafin su faɗa ruwa. Ana zuba alƙaluman cikin manyan kwamfutoci, su fitar da hanyoyin da guguwar za ta iya bi. Duk awa 6 cibiyar tana fitar da sabuwar sanarwa, idan haɗari ya kusanto gaɓa kuma ana ƙara wasu a tsakani.

A kan Florence, hasashen hanya ya yi daidai ƙwarai: wurin da aka nuna tun saura kwana 5, tazarar ƴan kilomita kaɗan ce tsakaninsa da inda ta sauka. Wannan ya ba hukumomi damar umartar fiye da mutum miliyan ɗaya su bar gidajensu a jahohin Karolina biyu da Virginia. Hasashen ƙarfi ne ya fi wuya. An yi tsammanin za ta iso da ƙarfin gaske, sai ta yi ta raguwa. Ranar Juma'a 14 ga Satumba, da ƙarfe 7 da kwata na safe agogon can, wato 12 da kwata na rana agogon Nijar, ta sauka kusa da Wrightsville Beach tana mataki na 1, da iskar kilomita 150 a awa.

Yadda teku ke hawa tudu

Matakin da ake faɗa a labarai ƙarfin iska kawai yake aunawa. Ba ya cewa komai game da ruwa. Florence tana rage ƙarfi tana ƙara faɗi, har iskarta mai ƙarfi ta kai fiye da kilomita 300 daga tsakiya. Guguwa mai faɗi tana tura ruwa mai yawa, kuma ta daɗe tana turawa.

Wannan shi ne tumbatsar teku. Iska ce ke kora ruwa gabanta kamar yadda ake kora ruwa da tsintsiya a tsakar gida. A tsakiyar teku ruwan yana da wurin tserewa ta ƙasa. Da ya iso inda teku ba zurfi, ba shi da inda zai je sai sama da kuma cikin gari. Raguwar nauyin iska a tsakiyar guguwa ma tana ɗan ɗaga ruwan, amma turin iska ne babba. Idan abin ya zo daidai da lokacin cikowar teku na yau da kullum, sai tsayin ya ƙaru. A arewacin duniya, ɓangaren dama na hanyar guguwa ne ya fi shan wahala, domin nan ne iska ke kaɗawa daga teku zuwa tudu.

Mita ɗaya ta ruwa, tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta tan ɗaya ne. A 2005 guguwar Katrina ta ɗaga teku fiye da mita 8 a gaɓar Misisipi. A 2012 Sandy, wadda ita ma aka gano asalinta daga igiyar da ta bar Afirka, ta cika ramukan jirgin ƙasa na birnin New York da ruwan gishiri. Wani bincike na cibiyar NHC kan shekarun 1963 zuwa 2012 ya gano cewa cikin mutum 10 da irin wannan guguwa ta kashe kai-tsaye a Amurka, kusan 9 ruwa ne ya ci su, kuma kusan rabin mamatan duka tumbatsar teku ce ajalinsu. Saboda haka ne daga 2017 aka ware wa tumbatsa gargaɗinta na daban: na farko saura awa 48, na biyu saura awa 36.

Daren New Bern

Garin New Bern ba a bakin teku yake ba. Yana can ciki, inda kogunan Neuse da Trent suka haɗu. Amma tun daren Alhamis, kafin tsakiyar guguwar ta taɓa ƙasa, iska ta yi ta cusa ruwan teku cikin bakin kogin Neuse, wanda ke ƙara tsukewa yayin da ake shiga ciki. Kogin ya koma baya. A wasu wurare na gefensa ruwa ya kai mita 2 da rabi zuwa sama da mita 3 daga ƙasa. Cikin dare hukumomin garin suka sanar ta Twitter cewa kimanin mutum 150 na jiran ceto, suka ce musu su hau bene ko ɗakin ƙarƙashin rufi, ana zuwa. Kafin abin ya lafa, an fitar da ɗaruruwan mutane da kwale-kwale.

Daga nan sai ruwan sama ya karɓa. Guguwar ta yi kusan tsayawa wuri ɗaya, tana tafiya kamar mai takawa da ƙafa. A garin Elizabethtown an auna milimita 913 cikin ƴan kwanaki, alhali abin da Maradi ke samu a damina guda yana kewayen milimita 500. Ruwan sama na neman gangarawa teku, teku kuma ta toshe bakin koguna. Manyan hanyoyi suka nutse, birnin Wilmington ya yanke daga sauran jahar. Da yawa cikin waɗanda suka rasu a mota ruwa ya ci su, suna ƙoƙarin ratsa hanyar da ta cika. Wasu kuma hayaƙin janareto da aka kunna cikin gida ne ya kashe su bayan ɗaukewar wuta.

Gaɓar Afirka ta Yamma fa?

Masu ƴan uwa a Kwatano, Lome, Akara ko Abijan za su iya tambaya ko irin wannan na iya faruwa can. Waɗannan birane suna kusa da tsakiyar duniya, inda juyawar ƙasa ba ta da ƙarfin murɗa hadari ya zama guguwa, kuma igiyoyin suna fita teku ne ta arewa maso yamma da su, suna ƙara nisa. Matsalar gaɓarsu ita ce zaizayar ƙasa da manyan raƙuman ruwa. Amma can wajen Senegal abin ya taɓa faruwa. Ranar 31 ga Agustan 2015 guguwar Fred ta ratsa tsibiran Cap-Vert, karo na farko da mahaukaciyar guguwa ta yi haka tun 1892. Raƙuman ruwanta sun rusa gidaje a unguwannin bakin teku na yankin Dakar, kuma masunta sun rasa rayukansu a teku.

Abin da mazauna ƙetare za su riƙe

Lokacin guguwa a Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Ga wanda ke zaune ko aiki a gaɓar gabashin Amurka ko yankin Houston da New Orleans, ga abubuwan da Florence ta koyar.

Zanen nan mai kama da mazurari da ake nunawa a talabijin yana nuna inda tsakiyar guguwa za ta iya bi ne kawai, kuma kusan sau ɗaya cikin uku tsakiyar kan fita daga cikinsa. Kasancewar garinka a wajen zanen ba ya nufin ka tsira. Idan aka ce guguwa ta sauko daga mataki na 4 zuwa na 2, a duba abin da aka ce game da tsayin ruwa da yawan ruwan sama kafin a yanke shawarar zama.

Kowane yanki na bakin teku an raba shi shiyya-shiyya don kwashe jama'a. Ya kamata mutum ya san shiyyar gidansa tun kafin lokaci, ya bar saƙonnin gargaɗi a buɗe a wayar salularsa. Idan aka ce a tashi, a tashi da wuri, da fasfo da sauran takardu cikin leda, da magani da caja. Direbobin tasi da masu kai kaya su sani cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 yana iya ɗaukar ƙaramar mota, na santimita 15 kuma yana kayar da babban mutum. Janareto a waje ake kunna shi, nesa da taga.

Akwai kuma waɗanda tsoron rashin takardu ke hana su zuwa mafaka. A lokacin Florence hukumomin shige da fice sun sanar cewa ba za su yi kame a wuraren fakewa ba, amma irin wannan mataki yana sauyawa da sauyin gwamnati. Nan ne ƙungiyoyin ƴan ƙasa da masallatai ke da rawar takawa: su tanadi gidajen da za a sauki mutanen bakin teku a garuruwan tudu kamar Greensboro tun kafin buƙata ta taso. Iyalai da ke gida kuma, idan waya ta ƙi shiga kwana biyu ko uku bayan guguwa, sau da yawa wuta ce da layin sadarwa suka yanke.

Saboda girman ɓarnar da ta yi, Hukumar Yanayi ta Duniya ta cire sunan Florence daga jerin, ta maye gurbinsa da Francine. Da jerin ya zagayo a 2024, guguwar da ta ɗauki sabon sunan ta sauka a jahar Luwiziyana cikin watan Satumba.