Idan Gyara Biyu Suka Ci Karo a Littafi Ɗaya

Littafin yaƙi da jahilci yakan bi ta hannun mutane da yawa kafin ya kai maɗaba'a. Ka ɗauka kana shirya ɗan littafin kiwon lafiya domin cibiyoyin karatun manya, ka aika kwafi ɗaya Magarya, ɗaya Dungas. Malamin Magarya ya gyara yawan ruwan da ake narkar da ƙunshin gishiri da sukari na zawo, ya mai da shi lita 1 kamar yadda aka rubuta a jikin ƙunshin. Malamin Dungas kuwa ya bi shafi-shafi yana mai da 'y zuwa ƴ, bisa ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999. In ka ɗauki kwafin da ya zo daga baya kaɗai, gyaran ɗayan ya salwanta, kuma mai yiwuwa na awon ruwan ne.

Me ya sa kwamfuta ba ta haɗa su da kanta?

Akwai manhajoji masu ajiye tarihin kowane gyara. Wadda ta fi shahara ita ce Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Layi-layi take kwatanta rubutu. In gyare-gyaren suna wurare dabam-dabam, sai ta haɗa su. In layi ɗaya suka taɓa, sai ta sa alama ta bar maka hukunci. Amma fayil ɗin Word, tun daga samfurin 2007, ƙunshi ne na ƙananan fayiloli da aka matse wuri guda, haka ma na LibreOffice. Git ba ta ganin layukan ciki. Iyakarta ta sanar da kai an ci karo.

Abin da ya kamata ka yi

1. Kada ka share kome. Ajiye kwafin biyu tare da na asali wanda suka fito daga gare shi.
2. Yi amfani da sashen kwatanta takardu da ke cikin Word ko LibreOffice. Gwada kowane kwafi da na asali, ka karɓi gyara ko ka ƙi shi ɗaya bayan ɗaya.
3. In saɓanin na awon magani ne, tambayi ma'aikacin lafiya. In na rubutu ne, bi ƙa'idar da aka tsayar.
4. Duba ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Tsofaffin fayiloli da ba a rubuta da Unicode ba sukan ɓata waɗannan haruffa idan an gauraya su da sababbi.
5. Rubuta abin da ka zaɓa da dalilinsa, da ranar da ka yi.

Rigakafi

Ware kowane darasi a fayil nasa, kuma a yi yarjejeniya mutum ɗaya ne zai riƙe fayil a lokaci guda. In da hali, a rubuta darussa da rubutu zalla, kowace jimla a layinta, a bar hotuna da tsarin shafi sai ƙarshe. Kafin a kai maɗaba'a, a sa malami ɗaya ya karanta da ƙarfi, wani yana bin lambobi da yatsa a kwafin biyu. Mai koyon karatu yakan gaskata abin da ya gani a littafi, kuma da shi zai yi wa ɗansa magani.